Buruyon Zubairu Tela

Babana, Zubairu, bai taɓa sa almakashi a yadin mutum ba sai ya fara yanka rigar a takarda. Shekara ashirin da bakwai yana ɗinki a Zongo, cikin wani shago mai ƙofar kwano wanda in mutum huɗu suka shiga sai ɗaya ya koma waje, kuma a duk shekarun nan ban taɓa jin an ce ya ɓata wa wani shadda ba. Lokaci kuwa, wannan ya ɓata wa mutane har sun gaji da mita. In kana son ɗinkin sallah a wurinsa, to ka kai tun azumi bai kama ba. Zai auna ka, ya rubuta, ya sake aunawa. Sannan ya jawo takardar buhun siminti da ya kakkaɓe ya goge da dutsen guga, ya zana rigar a kanta, ya yanka, ya kara a jikinka, ya rage nan ya ƙara can. Sai takarda ta zauna daram sannan ya yi bismillah ya taɓa yadi.

A wurin maigidansa Idrisa ya koyi wannan, wani tsohon tela Bazabarme da ya riƙe shi lokacin da ya zo Yamai ba shi da kowa. Baba ɗan Dogondutsi ne. Ya yi karatu har ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, saura wata huɗu a zauna bak, jarrabawar fita, mahaifinsa ya rasu ya bar masa uwa da ƙanne biyar. Ya hau mota ya zo neman abin da za a ci, da riga biyu a jaka da wani littafin fizik da bangonsa ya riga ya cire. Idrisa ya ba shi tabarma da keken ɗinki, ya kuma ba shi doka ɗaya: takarda in ka ɓata ta babu mai zuwa ya tsaya maka a ƙofa, amma yadi yana da mai shi. Baba ya riƙe wannan magana fiye da yadda mai maganar ya riƙe ta.

Littafin nan bai bar shagon ba. Yana nan ƙarƙashin keke, tare da gwangwanin maɓallai. Ban san yadda aka fara ba, ni dai na taso na tarar ƴan lise na unguwa suna cika bencin ƙofar shago bayan la'asar, Baba yana taka keke da ƙafa, yana yi musu bayani da baki, in abin ya ƙi shiga sai ya tsaya ya zana musu a gefen takardar siminti da allin tela. Tonton Fizik suke ce masa, wato Kawu mai kimiyyar fizik. Sau nawa mai kaya ya zo karɓar kaftani ya tarar an zana batir da wayoyi a hannun rigarsa ta takarda. Baba ba ya karɓar komai a wurinsu. Innata, Haoua, takan ce da surutun nan ɗinki ne, da tuni mun yi gidan sama.

Ni Hadiyya, ni ce ɗiyarsa ta fari, kuma ni na gaji bakin Inna, ban gaji haƙurin Baba ba. Wannan ya kamata a sani tun yanzu.

Shekarar da na shiga ajin ƙarshe, idon Baba ya fara ja da baya. Da fari baƙin zare a kan baƙin yadi ne ya gagare shi. Daga baya sai ramin allura. Ya je asibiti aka ba shi tabarau, likita ya ce rubutun allo da na littafi zai ci gaba da gani, amma in ya nace da aikin allura daga safe zuwa magariba, idon ba zai kai shi nesa ba. Ya dawo gida Harobanda, unguwarmu ta ƙetaren kogi, ya faɗa mana yana dariya. Inna ba ta yi dariya ba, domin ta san keken nan shi ne tukunyarmu.

Ana cikin haka Mushe Yacouba, kamar yadda ake kiran malaman boko, ya zo gwajin riga. Tsohon malami ne da ya buɗe ƴar makarantar kuɗi a unguwar Koira Kano, kuma ya daɗe yana ɗinki wurin Baba. Ya zauna jira, ya ji yadda Baba yake warware wa wata yarinya lissafin gudun mota a kan gangara. Da yarinyar ta tafi ya ce:

"Zubairu, mi kake yi a bakin keke? Ina da ƙananan azuzuwa da ba su da malamin kimiyya mai haƙuri. Kawo mini takardar bak, ko da kyar ka haye. In ba ita ba, ba zan iya sa sunanka a dosiye, cikin takardun ma'aikata, ba. Zan riƙe maka wurin har Oktoba. Bayan nan ba ni da iko."

Baba yana da shekara arba'in da bakwai. Ya je ya rubuta sunansa a matsayin kandida libir, wato mai zama jarrabawa ba daga aji ba. Ni da shi, shekara ɗaya, fanni ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, da fari kunya na ji. Ƙawayena suka dinga tambayata ko ni ke duba masa aikin gida, ko in ya yi surutu ana kiran Inna lakol, wato makaranta. Amma kunyar ba ta daɗe ba. Kowace safiya bayan sallar asuba mukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni in ja shi a Faransanci da falsafa da ilimin halittu, shi ya ja ni a fizik da lissafi. A falsafa yana da taurin kai, ya ce mutanen nan ba su da aikin yi ne. A fizik kuwa ban taɓa ganin tambayar da ta kwana a hannunsa ba.

Wata safiya cikin watan Mayu na ba shi tsohuwar jarrabawa ya yi. Ya samu komai daidai. Amma takardar, subhanallahi. Kibiya ta tashi daga nan ta faɗa can, lissafi ya gangara gefe ya hau sama, an soke nan an rubuta a kai, kamar dai yadda yake zane a shago. Ni kuma lokacin ina jin kaina, ga ni ina koya wa Tonton Fizik. Na riƙe takardar da yatsa biyu na ce:

"Baba, wanga ai ba kopi ba ne, ba takardar amsa da za a miƙa ba ce. Mai gyara shina da ɗari biyu gabanshi, ga zafi. In ya ga wanga datti ko karantawa ba ya yi. Za a ba ku buruyon, takardar gwaji, a ɗaki. Ka yi dattinka can, sannan ka kwafe tsaf a kopi. Ka ja layi da rula ƙarƙashin kowace amsa."

Ya kalle ni ta saman tabarau. Sai ya ce:

"Kamar takardar siminti ke nan."

Na ce: "Kamar ta."

Har rulata na ba shi. Abin da ban faɗa masa ba, domin ban ɗauka akwai mai bukatar a faɗa masa ba, shi ne babu ɗalibin da ke yin jarrabawa duka a buruyon. Ana ɗan gwada lissafi ne a can, a koma kopi da gudu. Kuma ko sau ɗaya ban taɓa ajiye masa agogo ba. Mutumin da duk Zongo ta san shi da nawa, ni ɗiyarsa ban ajiye masa agogo ba.

Aka sa mu santir ɗaya, wato wurin jarrabawa ɗaya, wani lise a nan Harobanda, ɗakuna daban. Ranar farko mai gadin ƙofa ya tare shi, ya ce iyaye a waje suke tsayawa. Baba ya ciro takardar kiransa da katinsa ya miƙa, mutumin ya duba hoto ya duba furfura, ya buɗe ƙofa har da sara masa. Ranar fizik ita ce ta uku. An yi ruwa kafin gari ya waye, ƙasa ta yi laushi, Baba ya sa farin kaftaninsa na Juma'a. Da za mu rabu a bakin ɗakinmu ya ce mini in karanta tambaya sau biyu kafin in taɓa bik, wato biro. Na ce masa shi ma kar ya manta da rula.

Awa uku aka ba mu. Na cika kopina, na ɗaga hannu aka ƙara mini takarda, na gama saura minti goma.

Duk wanda ya taɓa zama bak ya san abin da ake yi a ƙofa bayan fizik. Malamai sun hana, iyaye sun hana, kowa ya rantse ba zai yi ba, amma ƙafa tana fita baki ya buɗe. Ƙarƙashin itacen dogon yaro na bakin lise aka taru, masu ruwan leda suna ta ciniki, kowa da buruyonsa mai ruwan ɗorawa a hannu ya jiƙe da zufa. Rigimar a kan tambaya ta biyu ta tsaya, ƙwallon da aka harba sama, mita nawa ta kai. Mansur, ɗan ajinmu mai muryar da ake ji daga bakin kogi, ya hau tushen itace yana cewa ashirin da biyar, duk wanda bai samu haka ba ya je ya fara shirin baɗi. Ƙawata Saratu ta samu sha biyu da rabi, ni ma haka, amma ganin yadda Mansur ke dukan ƙirji sai na sake buɗe buruyona ina bin lissafin. Wani yaro ya samu ɗari biyu da hamsin, aka tambaye shi ƙwallo ce ko jirgin sama. Aka yi dariya.

Sai wani ya ce: "Ga Tonton Fizik!"

Shi ne kusan na ƙarshe da ya fito. Yana tafiya a hankali, rula ta leƙo daga aljihun gaba. Kafin ya kai itacen an kewaye shi, har da yaran da ba su san shi ba, sun dai ga ana gudu sun bi. Ya tsaya, ya ciro takardu huɗu a ninke, ya buɗe su.

"Tonton, ƙwallon nan, ashirin da biyar ne ko?" in ji Mansur.

Baba ya karɓi buruyon Mansur ya kai kusa da ido. Ya sa yatsa a wani layi.

"Ɗana, ina biyun da ke ƙasa? Ka tahi da gudu ka bar ta a hanya. Raba biyu ka gani."

Mansur ya raba. Ya dafe kai ya zauna a tushen itacen. Ni da Saratu muka rungume juna muna tsalle. Daga nan aka mai da Baba alƙali. Nawa ka samu a asid? Huɗu da ɗigo takwas. Wasu suka yi ihu, wasu suka juya baya. Tambayar lantarki fa, ta ƙarshe, wadda rabin ɗaki bai ko taɓa ba? Ya juya takarda ta huɗu, tana nan, har ƙasa, an gama ta. Wata yarinya da ban sani ba ta fashe da kuka don ta ga alamarta ta juye tun layin farko. Baba ya duba aikinta ya ce ta share hawaye, hanyarta daidai ce, masu gyara suna ba da maki a kan hanya ba a kan amsa kaɗai ba. Ya fi minti arba'in a tsaye cikin rana yana wannan. Na gwada nawa da nasa, abu ɗaya kawai na kuskure.

Mansur, da ya farfaɗo, ya ɗaga hannun Baba sama yana cewa: "Ashirin bisa ashirin! Wallahi tsohon nan ya kashe mu!" Aka yi ta tafi. Ban taɓa alfahari da mutum ba kamar yadda na yi a wannan lokacin. Ina ta cewa duk wanda ya kalle ni, babana ne, babana ne.

Baba ya yi murmushi kawai. Na saya masa ruwa, ya riƙe ledar bai sha ba.

A hanyar gida, da ƙafa, ina ta zuba. Na ce yatsuna har sun ƙage, sai da aka ƙara mini takarda. Na ce shi da ya yi har ta ƙarshe, ai ƙari biyu ya karɓa.

Ya ce: "Ban karɓa ba."

Na yi taku uku kafin maganar ta shige ni. Na tsaya. Na san rubutun Baba, manya-manya ne tun da idon ya lalace. Abin da ke cikin takardu huɗun nan ba zai shiga kopi ɗaya ba ko da wasa.

"Baba, har ina ka kwafe?"

Ya kalli hanya.

"Ta farko duka. Da rabin ta biyu."

"Ƙwallon fa?"

"Ina cikin zana ta aka ce a aje bik."

Ya ce sai da ya gama komai a buruyon, ya sake bi daga farko ya tabbatar babu kuskure, sannan ya buɗe kopi. Da ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, bai ga allurar da kyau ba, ya ɗauka saura awa guda. Ashe minti ashirin da biyar ne. Kuma bai yarda ya yi rubutun gaggawa ba. Kowace amsa sai da ya ja mata layi da rula.

Abin da na yi a bakin hanyar nan har yau ina jin kunyarsa. Faɗa na kama yi masa, da ƙarfi, mutane suna wucewa. Na ce wa ya ce masa ya yi duka a can? Na ce jarrabawa ce, ba shaddar Alhaji ba ce. Na ce me ya hana shi cusa buruyon cikin kopi? Ya bar ni na gama. Sannan ya ce ya roƙi mai tsaron ɗakin ta karɓa, ta ce doka ta hana, ba a gyara buruyon.

"Yarinya ce, da kaɗan ta girme ki. Ta duba takardun ta ga aikin, idonta ya kawo ruwa. Ba laihinta ba ne, aikinta take yi."

"To don mi ka tsaya can kana ba su amsa kamar babu abin da ya faru? Ana ta yi maka tafi!"

"Sun tambaya, kuma na sani. In ce musu mi?" Ya gyara rular a aljihu. "Ke ma ban so ki sani ba sai an ƙare. Gobe kina da halittu. Ki bar wanga a nan hanya, kar ki kai shi gida."

Bai ce ke kika ce in yi haka ba. Ran nan bai faɗa ba, har yau bai faɗa ba. Da ya faɗa, da na samu abin da zan yi musu da shi, da ya fi mini sauƙi.

Ya zauna sauran jarrabawar har ƙarshe, da farin kaftaninsa. Ranar sakamako muka tsaya a filin lise ana kiran sunaye da lasifika. Aka kira ni a zagayen farko, na haye. Ya riƙe kaina da hannu biyu yana ta hamdala. Aka gama na farko, aka kira waɗanda za su sake zama zagaye na biyu, muka saurara har sunan ƙarshe. Babu Zubairu. Da takardar makinsa ta fito, fizik biyar ya samu bisa ashirin, kuma fizik tana da nauyi a fanninmu. Ko goma ya samu da ya shiga zagaye na biyu. Mansur, da ashirin da biyar ɗinsa, ya haye.

Ban haƙura ba. Na ɗauke takardun nan huɗu daga cikin littafinsa ba da saninsa ba, na hau faba-faba, ƴar motar haya, na haye gada har Koira Kano, na shimfiɗa su a teburin Mushe Yacouba. Ya sa tabarau ya bi su layi-layi, ya daɗe. Ya ce babu kuskure ko ɗaya. Na ce to, ai ga shaida. Ya ninke su ya miƙo mini.

"Ɗiyata, na san ya iya tun ba ki kawo wanga ba. Amma ranar da masu bincike suka zo, ba ni za su tambaya ba, dosiye za su buɗe. Wanga ba ya shiga dosiye."

Na yi kuka a ofishinsa, na yi a mota, na share fuska kafin in shiga gida. Da Oktoba ta zo ya ɗauki wani saurayi da ya gama jami'a. Ban ga laifinsa ba, amma har yau in na hango shi canza hanya nake yi. Na ce wa Baba ya sake zama baɗi, wannan karon da agogo a gabansa. Ya ce wurin ya tafi, ido kuma ba jira yake ba, ya zauna ya ga yadda abin yake, ya isa. Ya tambaye ni takardunsa, na mayar masa. Ya koma bakin keke.

Na samu shiga jami'a, nan Harobanda, fannin fizik. Baba ya ce shi zai ɗinka mini rigar ranar farko, ya sayo atamfa mai shuɗi ya hana ni gani sai an gama. Lokacin na riga na saba zuwa shago da safe in zura masa zare a allurai biyar ko shida in soke su a matashi, su kai shi yini.

Saura kwana uku a buɗe jami'a na shiga shagon. Yana sharar bakin ƙofa. Na zauna na jawo matashin allura, na ɗaga kai, sai na ga wani abu mai ruwan ɗorawa rataye a ƙusa cikin takardun siminti. An manne takardu huɗu wuri ɗaya, an zana wuyan riga da alli a kansu, an yanke. Almakashi ya bi ta tsakiyar ƙwallon. Sha biyu tana nan a gefen kafaɗa, rabin ya tafi da abin da aka share.

Na ce: "Baba, mi ka yi?"

Ya jingine tsintsiya ya shigo.

"Takarda ce mai kyau, ba ta da ƙura irin ta siminti. Wuyan rigarki shina da wuyar fitarwa, ina son abin da zai lanƙwasu." Ya ciro ta daga ƙusa. "Tashi in kara in gani."

Na tashi. Ya ɗora mini ita a kafaɗa, ya matso da fuskarsa kusa-kusa don ya ga layin allin, har ina jin numfashinsa. Rubutunsa ne ko'ina a ƙirjina, manya-manya, babu kuskure ko ɗaya. Ya ce in ɗaga haɓa. Na ɗaga, amma na kasa riƙewa.

"Baba, ni na ce ka yi a buruyon."

Bai ɗago ba. Ya soke fil a kafaɗar hagu, ya lalubo na biyu a bakinsa.

"Tsaya daidai, Hadiyya," ya ce. "Kina jiƙa mini takarda."